Karatun harkokin ƙasa da ƙasa: jakadanci ake koya wa mutum?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu gurbin karatu a jami'a, a sashen nazarin harkokin ƙasa da ƙasa, har an fara kirana "jakadiya" a gida. Amma da na duba jerin darussan sai na ga tarihi da siyasa da tattalin arziki, ga kuma Faransanci. Yayata da ke karatu a Ingila ta ce a can akwai masu yin digiri a kan yanki guda kawai, kamar Gabas ta Tsakiya ko Afirka. Shin abu ɗaya ne da nawa? Kuma wane aiki ake samu da shi? Daga wata ɗaliba a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sanya albarka a karatun. Fannoni biyu ne, asalinsu daban, ko da yake a jami'o'i da yawa rufi ɗaya suke sha.

Naki yaƙi ne ya haife shi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1919, aka kafa kujerar farfesa ta farko ta siyasar duniya a jami'ar Aberystwyth da ke yankin Wales na Birtaniya, aka sa mata sunan shugaban Amurka Woodrow Wilson. Abin da ya dame su shi ne me ke jefa ƙasashe cikin yaƙi, kuma ta yaya za a hana. Har gobe a nan fannin yake kewayawa: ƙarfi da ƙawance, yarjejeniyoyi, dokar ƙasa da ƙasa, ciniki, da ƙungiyoyi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka da ECOWAS. Wanda yayarki ta gani kuwa, wato nazarin yanki, mutum ne zai ɗauki wuri ɗaya ya ƙure shi: harshensa, tarihinsa, addininsa, adabinsa, da yadda mutanensa ke rigima su shirya. Na farkon kamar dillali ne da ya san ƙa'idar ciniki a kowace kasuwa, na biyun kuma wanda ya shekara ashirin a kasuwa guda, ya san wa ke bin wa bashi.

Ya kamata ki san cewa ba don ƙaunar mutanen da ake nazari aka fara wannan na biyun ba. Makarantar SOAS ta Landan, mai nazarin ƙasashen Gabas da Afirka, an kafa ta a 1916, kuma babban aikinta a lokacin shi ne horar da jami'an da za a tura mulkin mallaka. Sai a 1938 aka ƙara Afirka cikin sunanta. Ƙamus ɗin Hausa na Bargery, wanda ya fito a 1934 kuma malaman Hausa ke dogaro da shi har yau, gwamnatin mulkin mallaka ce ta sa aka yi shi. A Amurka kuwa tsoro ne ya buɗe baitulmali. Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, shekara na zagayowa majalisar Amurka ta zartar da dokar ilimi don tsaron ƙasa, aka ware kuɗi don cibiyoyin nazarin yankuna da koyar da harsunan da ba a saba koyarwa ba. Hausa da Swahili sun ci wannan gajiyar. Da Yaƙin Cacar Baka ya ƙare sai aka fara cewa ina amfanin masanin ƙasa guda a zamanin da duniya ta dunƙule. Harin 11 ga Satumba 2001 ya sa aka koma neman masu jin Larabci da Fashto ruwa a jallo. Sin ma ta bi sahu: a 2022 ta mayar da nazarin ƙasashe da yankuna fanni mai zaman kansa a jami'o'inta, kuma an daɗe ana koyar da Hausa a Jami'ar Harsunan Waje ta Beijing.

Saboda wannan tarihi fannin ya sha suka, kuma sukar tana kan gaskiya. A taron ƙungiyar masana Afirka da aka yi a Montreal a 1969, masana baƙar fata sun tsayar da taron cak, suna tambayar yadda aka yi nazarin Afirka ya zama gonar Turawa. A 1978 Edward Said, Bafalasɗine, ya fitar da littafinsa Orientalism, inda ya nuna yadda ilimin Turawa a kan Gabas ya yi wa mulkinsu hidima. To amma ni darasin da na ɗauka a nan ba na ƙyamar fannin ba ne. Duk ƙasar da ta ɗauki kanta da muhimmanci tana biyan 'ya'yanta su san wasu, tun kafin ranar buƙata ta zo.

A nan ne muke da giɓi. Cibiyoyin da muka gina bayan 'yancin kai kusan duk kanmu suke kallo, kuma da dalili, domin an daɗe ana cewa ba mu da tarihi. Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon a Ghana ta fara a 1961, ta Ibadan a 1962, Gidan Arewa na Kaduna a 1970 a hannun Farfesa Abdullahi Smith. Ta fuskar hulɗa da waje akwai cibiyar nazarin harkokin ƙasa da ƙasa ta NIIA a Legas tun 1961, wadda shugabanninta biyu, Bolaji Akinyemi da Ibrahim Gambari, suka zama ministocin harkokin waje. Sai dai ki tambayi kanki: mutum nawa muke da su da za su karanta jaridar Beijing ko Ankara ko Tehran da harshenta, su gaya wa gwamnati abin da ake nufi? Bar ma na nesa. Nijeriya maƙwabtanta na tudu huɗu ne, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma dukkansu Faransanci ya yi kaka-gida a ofisoshinsu da dokokinsu. Da aka yi juyin mulki a Yamai a Yulin 2023, aka rufe iyaka aka yanke wuta, ke 'yar Katsina kin fi ni sanin abin da ya faru tsakanin Jibiya da Maraɗi. Masu sharhi a talabijin sun haddace yarjejeniyar ECOWAS sarai, amma kaɗan ne cikinsu suka san siyasar cikin rundunar sojan Nijar, ko dalilin da ya sa talakan Yamai ya ƙosa da Faransa. Ƙarshenta Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Don haka wannan Faransancin da kika gani a jerin darussa, kada ki ɗauke shi kwas ɗin cike gurbi da za a haddace a ci jarrabawa a manta. A ganina shi ne mafi daraja a cikin digirin. Na ga ɗalibai da yawa sun fita da sakamako mai kyau, suna iya jero ra'ayoyin masana a kan daidaiton ƙarfi tsakanin ƙasashe, amma ba za su iya sayen goro a Damagaram da Faransanci ba, balle su fassara sanarwar gwamnati. Irin waɗannan sun yi yawa a kasuwar aiki. Idan kin samu damar zuwa Ƙauyen Faransanci na Badagry, wato cibiyar koyar da harshen da ke jihar Legas, ki je. Idan Larabci ya fi kwanta miki, musamman in kina da tushen Islamiyya, ki gina a kansa har ki iya karanta jarida da sauraren muhawara, domin Larabcin littattafan fiƙihu daban, na labarai daban. Sannan tun daga aji biyu ki zaɓi yanki guda, Sahel ko Tafkin Chadi ko ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha ko Sin, ki riƙa karkata duk aikin gida da kundin kammala digirinki zuwa can. Ta haka kin haɗa fannonin biyu ba tare da kin je Landan ba. Hausarki ma jari ce: mai bincike daga Hamburg ko Warsaw sai ya yi shekaru yana koyon abin da kika tashi da shi a tsakar gida.

Batun jakadanci kuma, a faɗa wa mutanen gida gaskiya a hankali. Digirin ba ya naɗa kowa jakada. Ma'aikatar Harkokin Waje tana ɗaukar ma'aikata ta hanyar hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya, masu digirin shari'a da tarihi da tattalin arziki da harsuna duk suna shiga, guraben kaɗan ne, kuma daga ƙaramin jami'i ake farawa a yi shekaru masu yawa ana hawa. Wasu jakadun ma 'yan siyasa ne da shugaban ƙasa ya naɗa. Mafi yawan waɗanda suka yi karatunki a wasu wuraren suke: ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Arewa maso Gabas, hukumomin shige da fice da kwastan, cibiyoyin bincike, koyarwa, da aikin jarida, ciki har da sassan Hausa na BBC da DW da RFI. Kusan duk waɗannan suna tambayar abu biyu, wato harshe na biyu da iya rubuta rahoto gajere mai ma'ana. Ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa kuma galibi suna son digiri na biyu, saboda haka ki kula da makinki tun daga zangon farko, domin da shi ake neman tallafin karatu.