Wa zai riƙe maka tawul?

Ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, sau uku ina karantawa. Na farko dariya na yi wallahi, har innarka ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Wai yau kai ne kake tambayata ko dole ne a al'adar damben boksin sai ɗan wasa ya nemi amincewar kocinsa kafin ya sa hannu a kwantiragi, ko kuwa kara ce kawai ake yi wa tsofaffi. Kai da na san ranar da ka fara saka safar dambe tana sulluɓewa daga hannunka. To amma da na sake karantawa na zo wajen da ka ce wasa biyar za ka yi wa mutanen da suka kawo maka kwantiragin, kuma su ne za su kawo maka nasu kocin da nasu mutanen kwana, wato masu kula da kai a kusurwar dandali tsakanin turmi da turmi, nan dariyar ta tsaya. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Kuɗin da ka rubuto min kuɗi ne, ba zan raina su ba, ni duk damben da na yi ban taɓa ganin kwatansu ba. Kuma a rubuce dai babu wata doka da ta ce sai ka nemi izni. Mu ma a lokacinmu ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga doka, abin ne ba ya ma zuwa maka a rai, ka ɗauki biro ka rubuta sunanka a takardar wani alhali mutumin da ya koya maka tsayuwa da ɗaga hannu bai gani ba.

Maigidanmu, Allah ya jiƙansa da rahama, mutum ne marar yawan magana. Koci muke ce masa duk da ya kusa jika da wasunmu. Kullum da wani farin tawul a kafaɗarsa ta hagu, ya tsufa har gefensa ya fara zare, ko atisaye ake ko hira ake yana nan, ban taɓa ganin kafaɗar nan ba shi ba. In ka tambaye shi sai ya ce shi ne kayan aikinsa, mu namu hannu, shi nasa wannan. Ban gane maganar ba sai a 1980.

Ka san wasan da Muhammad Ali ya yi da Larry Holmes ranar 2 ga Oktoba na shekarar, a Las Vegas. Ali ya riga ya ajiye dambe tun 1979 bayan ya ƙwato kambunsa a hannun Leon Spinks ya zama zakaran duniya karo na uku, da ya tsaya nan da shi ke nan, sai aka zo masa da tayin dala miliyan 8, yana da shekara 38, shekara biyu bai hau dandali ba. Mun ji sakamakon a rediyo amma ba mu yarda ba, mu fa yaran da suka kwana zaune a 1974 ne suna jiran ƙarfe huɗu na asuba a ji yadda zai yi da George Foreman a Kinshasa, kuma ya kai shi ƙasa a turmi na takwas, to wa zai gaya mana an yi wa Ali dukan kawo wuƙa mu yarda. Bayan wasu makonni aka samo kaset ɗin bidiyo. Muka taru a ɗakin atisaye mun fi mu 20, aka ɗora talabijin a kan benci, wasu a ƙasa wasu sun jingina da buhun naushi. Koci na tsaye daga baya kusa da ƙofa.

Da Ali ya fito sai ɗakin ya ɗauki ihu, don ya rame ya yi kyau, gashi baƙi wuluk, kai ka ce na shekara 10 baya ne. Daga baya ne aka ji ashe wani maganin maƙoƙo aka ɗora shi a kai wanda ya zuƙe shi ya tafi da ƙarfinsa. Turmi na ɗaya, na biyu, na uku, muna cewa dabara ce, haka ya yi wa Foreman, bari Holmes ya gaji. Na biyar ya wuce, hannun Ali bai tashi ba. Yana jingine da igiya ya rufe fuska, Holmes yana ta zuba masa hagu, tas, tas, tas, kansa na komawa baya. Kuma abin da ya fi ciwo shi Holmes ɗin yaron gidansa ne, shekaru ya yi yana masa abokin atisaye, har Zayar ya bi shi, kana kallonsa ka san ba da son ransa yake dukan ba, yakan ja baya ya dubi alƙalin wasa kamar mai roƙon a raba. Ɗakin nan ya yi tsit, sai ƙarar kaset. A turmi na tara Holmes ya sa masa wani naushi a haƙarƙari, Ali ya dunƙule, sai kawai na ga wani abu fari ya wuce ta saman kaina ya bugi gilashin talabijin ya faɗo ƙasa. Tawul ɗin Koci ne. Wasan da aka gama makonni da suka wuce, a wata duniya can, amma hannunsa bai iya haƙuri ba. Na waiwaya na ga idonsa ya yi ja, leɓensa na rawa. Ba wanda ya yi dariya. Wani ƙaramin cikinmu ya rarrafa ya ɗauko ya miƙa masa da hannu biyu.

Bayan turmi na goma kocin Ali, Angelo Dundee, ya ce an gama, kana ganin wani daga cikin mutanen kwanar yana jan rigarsa yana roƙon a ƙara turmi ɗaya, Dundee ya fizge ya ƙi. Koci ya sa aka mayar da wajen nan baya sau biyu. Sannan ya ce, "Ku ƙirga mutanen da ke cin abinci da jikin bawan Allahn nan, sannan ku ƙirga waɗanda suka ce a tsaya." Ya ce Dundee shekara 20 yana tare da shi, tun 1960, shi ya sa bakinsa ya iya faɗa, kuma ko shi ɗin ya makara. Ya ce wanda aka ɗauko maka haya jiya ba zai jefa tawul a tsayar da wasa ba, don ba kai ka ajiye shi ba, wanda ya ajiye shi kuwa turmi 12 ya sayar wa masu kallo. Likitan Ali ma, Ferdie Pacheco, tun 1977 bayan wasan Earnie Shavers ya ce a daina, da aka ƙi ji ya tattara nasa ya bar su. Kuma kuɗin da aka yi dominsu ma ba su zo cikakku ba, Ali ya kai Don King, wanda ya shirya wasan, ƙara kan sama da dala miliyan 1 da ya ce an rage masa, ƙarshe aka kashe maganar da dala 50,000 a hannu. A 1984 aka tabbatar yana da cutar Parkinson.

Ni kaina na taɓa yin fushi da tawul ɗin nan. An fasa min gira a wani wasa, ina ganin ni ke gaba, Koci ya jefa. Wata uku ina kauce masa a hanya, kuma har ya rasu ban buɗe baki na ba shi haƙuri yadda ya kamata ba, abin yana raina har yau. Ga shi ina karanta saƙonka da idon nan guda biyu. Joe Frazier ma ai bai ji daɗi ba da kocinsa Eddie Futch ya hana shi fita turmi na 15 a wasansa da Ali a Manila a 1975, saura turmi ɗaya tak, ido ya kumbura ba ya gani. Haka abin yake, ranar ba ka godewa.

Kar ka ɗauka ina ce maka ka ƙi kuɗi fa. Dambe ba aikin gwamnati ba ne da za ka jira fansho, kuma a ajinku na masu nauyi, mutum ya haura kilo 90 ya sake maka hannu ɗaya, shi ke nan labari ya canza. Deontay Wilder a 2019 DAZN, kamfanin nuna wasanni ta intanet, suka masa tayin da jaridu suka ce ya kai dala miliyan 100, har da karawa da Anthony Joshua a ciki, ya ƙi. Watanni kaɗan Andy Ruiz ya doke Joshua a New York, a Fabrairun 2020 kuma Tyson Fury ya karɓe kambun Wilder a turmi na bakwai, ranar da Mark Breland, ɗaya daga cikin kocinsa, ya jefa masa tawul jini na fita ta kunnensa, shi kuma Wilder ya saka masa da kora. Tayi irin wancan ba ya zama yana jiran mutum. Wanda bai tara ba da ƙuruciya shi ake dawowa da shi da furfura, dubi Joe Louis, sau 25 yana kare kambunsa, bashin haraji ya dawo da shi har Rocky Marciano ya fitar da shi ta cikin igiya a 1951. Don haka na san abin da ke cin ranka, kuma ban ga laifinka ba.

Sai dai kakanka yakan ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wasa biyar ɗin nan wa ke zaɓar abokin karawa? In an ji maka ciwo ka yi wata takwas a kwance, wa'adin yana tafiya ko tsayar da shi za su yi su ƙara maka a gaba? In ka sha kashi a na biyu, kuɗin na uku yana nan yadda yake ko suna da ikon zaftarewa? Adadin da ka rubuto min, tabbatacce ne ko irin na "zai iya kaiwa" ne? Ka cire na manaja, wanda yakan kai kashi ɗaya cikin uku, ka cire kashi 10 cikin 100 na koci, ga haraji ga kuɗin sansanin atisaye ga abokan atisaye da za ka biya, sannan ka dubi abin da ya rage. Mike Tyson ya samu sama da dala miliyan 300 a dambe, a 2003 ya je kotu ya ce ya karye. Kuma lauyan da zai karanta maka kar ya zama nasu. A Amurka sai da aka yi doka a 2000 da sunan Ali ɗin nan don a raba mai shirya wasa da manajan ɗan wasa, saboda an daɗe ana ganin mutum ɗaya yana saye kuma shi ke yi wa mai kaya ciniki.

Abin da ke ba ni takaici da ku yaran yanzu, komai a waya. An turo maka takarda shafi 30 a waya, an ce ka danna kafin Litinin, ka tambayi abokai a Facebook, ka tambaye ni da nake nesa, mutumin da ya yi shekara tara yana naɗa maka bandeji a hannu shi ne na ƙarshen ji. Haba ɗana. Shi ya san wane gefe kake sauke hannu in ka gaji, ya san yadda idonka ke yi in naushi ya shige ka kana ɓoyewa, baƙo sai ya shekara bai gane wannan ba. Mu da ko safa za mu canza sai mun nuna. Wataƙila mun yi yawa, na yarda, akwai kocin da ke riƙe yaro don cikinsa, na ga irinsu. Amma naka na zauna da shi sau biyu, ban ga alamar haka a tare da shi ba.

Ka buga takardar nan a kan farar takarda, ka ɗauka da ƙafarka ka kai masa gida, ba a wajen atisaye ba inda yara ke kallo. Ka zauna ƙasa ka bar shi ya karanta har ƙarshe ko zai kai dare. Mutanen kuma ka ce masu kana son a rubuta cewa kocinka ne babba a kwanarka kuma tawul a hannunsa yake, ka ji abin da za su ce, ka lura da yadda fuskarsu za ta yi in kana gabansu. Ka turo min shafin da ya yi maganar rauni da wanda ya yi maganar sabunta wa'adi, zan sa tabarau in duba da kaina. Mahaifiyarka ta sani kuwa? In ba ka gaya mata ba kar ta ji a bakina, ka kira ta yau.