Amsa: Bambancin bil-bil, giyar kwalba da arki

Ɗan'uwa, ka tambaya ko bil-bil da arki abu ɗaya ne, tunda a unguwa guda ake sayar da su a Marwa, a arewacin Kamaru. Ba ɗaya ba ne. Sinadarin da ke bugarwa dai ɗaya ne, wato etanol, bambancin yana wajen haɗi da ƙarfi.

Bil-bil ita ce burkutu a wajenmu. Jar dawa ake jiƙawa, a shanya ta a lulluɓe har ta yi tsiro, a busar, a niƙa, a dafa a manyan tukwane, a bari ta huce, a zuba yis ta kwana tana kumfa. Ƙarfinta bai cika wuce kashi 6 cikin ɗari ba, kuma kwana ɗaya zuwa biyu ta yi tsami, don yis da ƙwayoyin cuta ba su daina aiki ba. Giyar kwalba irin su Castel ko Gala ta Mundu a Chadi hanyarsu ke nan, sai dai an tace an kashe ƙwayoyin da zafi, ƙarfinta wajen kashi 5. Giyar inabi kuwa kashi 11 zuwa 14.

Arki kuwa turarawa ake yi: a ɗora ruɓaɓɓen haɗin a wuta, tururin ya bi bututu ya sanyaya, ya ɗigo kamar ruwa. Shi ya sa yake kusantar wiski mai kashi 40. A yawan etanol, kwalbar giya mai santilita 65 daidai take da santilita 8 kacal na wiski.

Haɗarin arki shi ne babu mai auna shi. In aka gauraya shi da metanol, wani sinadari mai guba, yana makantarwa, yana kisa, kuma ba a gane shi a baki.