In sayi fili kusa da filin jirgin Kano ko in ƙara jari?

Tambaya: Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. An yi mini tayin fili a wajen Fanisau, kusa da filin jirgin saman Malam Aminu Kano, dillalin kuma yana cewa in gina masaukin baƙi, wai fasinjoji kaɗai sun ishe ni. Kuɗin zai cinye rabin jarina. Ina mafita?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Filin ba laifi, amma dalilin da dillali ya kawo maka ba shi da ƙwari, kuma tarihin wurin ne ya nuna haka.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925, jiragen sojan Ingila ne. A 1936 aka fara jigilar fasinja da wasiƙu ta hanyar Khartum, shi ya sa ake kiran na Kano filin jirgi mafi daɗewa a Najeriya. A zamanin da jirage ba sa iya dogon zango, da yawa daga cikin waɗanda suka taso daga Turai za su gangara kudancin Afirka sukan yada zango a Kano su sha mai. Da aka ƙera manyan jiragen da ke tsallake Sahara ba tsayawa, wannan ciniki ya tafi. Gwamnati ta koma Abuja a 1991, wani kason ya bi ta. Kamfanin jirage na KLM, wanda ya shafe fiye da shekaru sittin yana zuwa daga Amsterdam, ya daina a 2012. Babu wanda aka yi shawara da shi a cikin masu shaguna da masaukai na kewaye. Ko Kaduna ka duba: da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida a 2017 don gyaran titin sauka, aka karkatar da jirage Kaduna, harka ta buɗe a can, ana sake buɗe Abuja ta koma yadda take.

Fanisau kuwa ta girmi filin jirgin nesa ba kusa ba. Akwai gidan Sarkin Kano a can, nan ne Bature matafiyi Clapperton ya gana da Sarki Ibrahim Dabo a 1824. Abin da ya cika gonakinta da gidaje a yau shi ne yawan jama'ar Kano da tsadar haya a cikin gari, wanda ya tura mutane Kurna, Rijiyar Lemo, Bachirawa da Jaba. Ka lura da fasinja: yana fitowa, mota na jiransa, sai unguwar Nasarawa ko gidan ɗan'uwa. Ba ya shiga lungu neman ɗaki. Hajji sau ɗaya ne a shekara, alhazai kuma suna da sansaninsu. Umarar azumi ma wata guda ce. Wanda zai biya ka kowane wata shi ne ma'aikacin filin jirgi, jami'in kwastan, direban tasi, da magidancin da ke neman ɗaki biyu da falo. In za ka gina, gina gidan haya da shaguna biyu a gaba, ko sito, tunda ka san 'yan kasuwar da ke shigo da kaya.

Maganar takarda ce ta fi damuna. Dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon ƙwace fili don amfanin jama'a, diyya kuma ta abin da ka gina ko ka shuka ce, ba ta farashin da ka biya dillali ba. Fili a gefen filin jirgi ya fi kowane shiga wannan haɗari, domin ana iya faɗaɗa shinge. Shaidar mai unguwa ba ta isa ba. Ka je KANGIS, hukumar rajistar filaye ta Kano, a duba ko filin bai faɗa cikin na FAAN, hukumar filayen jiragen sama, ba, ka nemi izinin gini a hukumar tsara birane ta KNUPDA, in bene kake so kuma akwai iyakar tsayi da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ke tantancewa. Ka je wurin da kanka lokacin da jirgi ke tashi, ka ji ƙarar da ɗan hayarka zai riƙa ji.

Rabin jari ya yi yawa. Atamfa tana juyawa sau da dama a shekara, fili kuwa ba ya kawo ko sisi sai ka gina, ginin ma wani kuɗin ne. Kada ka taɓa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na jarinka. In bai kai ba, ka nemi rabin fuloti, ko ka haɗa da wani amintacce bisa rubutacciyar yarjejeniya da shaidu, ka kewaye shi, ka riƙa ginawa daga ribar Sallah.