Jarumin da ya iya komai ya kashe mana wasa, yaya zan yi da shi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mu biyar ne muke buga wasan kwaikwayo na kan tebur, irin wanda kowa ke riƙe da jarumi ɗaya ana jefa dayis, ni kuma nake jan ragamar labari. Mun fara sabon labari na masu sihiri da masu baiwar da ta fi ƙarfin ɗan Adam, na bar kowa ya ƙirƙiro nasa. Sai ɗayanmu ya zo da jarumin da ke tashi sama, yana karanta zuciyar mutane, yana ɓacewa ya ɓullo inda ya ga dama, kuma makami ba ya cin sa. Duk tarkon da na ɗana sai ya tsallake, sauran kuwa sun koma latsa waya. Akwai ƙa'idar gina irin waɗannan jarumai? Ko in rage masa ƙarfi kawai?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Ka ɗan dakata da maganar rage ƙarfi tukuna. Na bi baiwar nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ban ga inda jarumin ya biya wani abu kafin ya samu ko guda ba, kuma a nan gizo ke saƙa. Masu tsara waɗannan wasanni sun shafe shekara 50 suna fama da matsalar da ta same ka. Hanyoyinsu sun bambanta, amma dukkansu suna sa wa baiwa farashi da iyaka, a rubuce, tun kafin a zauna wasa.

Mu fara da uban tafiyar, Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A wancan bugu, mai sihirin da ke mataki na farko, wato sabon jarumin da bai ƙware ba tukuna, sihiri ɗaya tak gare shi a yini. Ya haddace, ya jefa, ya goge daga kansa, sai ya koma littafinsa ya sake haddacewa. Daga labaran marubuci Jack Vance aka aro dabarar. Bugu na biyar da ya fito a 2014 ya sassauta, amma igiyar tana nan. Mai sihirin karatu yana farawa da gurbin sihiri 2, wato damar jefa sihiri sau biyu kafin ya huta, ban da 'yan ƙananan dabarun da ba sa cin gurbi, kuma dayis ɗin makin ransa, wato yawan dukan da zai iya jurewa, mai fuska 6 ne, alhali na mayaƙi mai fuska 10 ne.

Dokar da za ta fi yi maka amfani a wannan bugu ita ce ta tattara hankali. Akwai sihirin da ba ya ɗorewa sai mai shi yana riƙe da shi a ka, kuma ba a riƙe biyu lokaci guda. Tashi sama yana cikinsu, minti 10 ne iyakarsa. Leƙen tunanin mutum ma yana cikinsu, shi kuma minti 1 ne, kuma in ka kutsa ciki sosai mutumin zai san ana yi masa kutse. To ka ga, jarumin abokinka da a wannan wasa yake, ba zai taɓa shawagi a saman fada yana karanta zuciyar waziri ba, dole ya zaɓi ɗaya. Yana sama aka sakar masa kibiya kuwa, sai ya jefa dayis don ya riƙe hankalinsa, in dayis ya ƙi shi sai ƙasa. Ɓacewa ta kusa, ƙafa 30 zuwa wurin da ido ke gani, ana samun ta da wuri. Ta nesa zuwa duk inda ka ga dama kuwa sai mataki na 13, kuma in wurin ba ka san shi sosai ba kana iya ɓullowa a inda ba ka nufa ba.

Ka lura da irin baiwar da aka fi ɗaure wa ƙafa. Sihirin dunƙulen wuta da kowa ke so a wannan wasa, wanda ake samu a mataki na 5, dayis 8 ne masu fuska shida, ɓarnarsa a tsaka-tsaki maki 28. Yana gama faɗa da wuri, shi ke nan. Ba zai gaya maka wanda ya sa wa sarki guba ba, ba zai haye da kai rami ba. Baiwar da ke kashe labari ita ce wadda ke amsa tambaya kafin a gama yin ta. Katanga ce? Ya tashi. Sirri ne? Ya karanta. Kurkuku ne? Ya ɓace. Uku daga cikin huɗun abokinka irin wannan ne, shi ya sa sauran ba su da abin yi.

A ɓangaren jarumai masu baiwa, wasan Champions na George MacDonald da Steve Peterson, wanda ya fito a 1981, shi ya mai da abin lissafi. Ana ba ka maki, ka sayi abin da baiwa ke aikatawa, sannan ka sa mata rigar da kake so. Harbi daga nesa maki 5 ne kowane dayis ɗaya, ko wuta ka kira shi, ko tsawa, ko ƙanƙara. A ce wata jaruma tana son tsawa mai dayis 12, maki 60 ke nan. In ta yarda tsawar daga sanda take fitowa, sandar da kowa ke gani kuma ana iya fizge ta, farashin ya dawo 30. Ta samu rarar maki 30, kai kuma mai jan ragama ka samu labari: ranar da ɓarawo ya sace sandar, ranar da masu gadi suka ce sai an ajiye makamai a bakin ƙofa. Littafin wasan yana da wata doka da nake so kowane teburi ya ɗauka, ko wane wasa yake bugawa: iyakar da ba ta hana jarumi komai ba ta da rangwame. Wanda ya ce baiwarsa ba ta aiki a ƙarƙashin teku, alhali labarin duk a tsakiyar hamada yake, wayo kawai yake yi maka.

Mutants & Masterminds na Steve Kenson, wanda ya fara fitowa a 2002, ya ƙara rufi a kan wannan. An saba farawa a matakin ƙarfi na 10 da maki 150, kuma a bugu na uku, in ka haɗa iya saiti da ƙarfin duka ba za su wuce 20 ba. Haka ma iya kaucewa da taurin jiki. Mai son taurin jiki 14, kaucewarsa ta tsaya a 6, wato ya zama dutsen da kowa ke iya samu. Wannan shi ne maganin baiwa ta huɗu ta abokinka, wato makami ba ya cin sa.

Sai dai ba duk farashi ne ke da daɗin wasa ba. Ƙidayar sau nawa za ka yi a yini tana aiki, amma a ganina ita ce mafi rashin armashi, don tana koya wa ɗan wasa rowa, sai ya yi ta ɓoyon sihirinsa har a tashi. Na fi son farashin da ke haifar da matsala. A Call of Cthulhu na 1981, sihiri hankalin mai yin sa yake ci, kowane jifa yana matso da shi kusa da tabin hankali. A Mage: The Ascension na 1993 kana iya lanƙwasa duniya yadda kake so, amma in ka yi abin da ya saɓa wa hankali a gaban jama'a, duniyar za ta rama a kanka, don haka gwani yakan sa sihirinsa ya yi kama da tsautsayi ko sa'a. A Marvel Super Heroes na 1984 kuwa, jarumin da ya kashe mutum yana asarar duk makin Karma da ya tara, wato makin da yake gyara sakamakon dayis da su. A waɗannan wasanni ba a hana ka baiwa, kowa ya ci zomo dai ya ci gudu.

Yanzu ga yadda za ka yi da abokin naka. Ka ce ya zaɓi baiwa ɗaya da in aka cire ta jarumin ya tashi daga shi. A ce ya zaɓi karanta zuciya. Sai ku amsa tambaya uku tare: daga ina ta zo, me take ci, me ba ta iyawa. Kuna iya cewa sai ya taɓa fatar mutum kafin ya ji tunaninsa, abin da mutumin ke tunani a lokacin kawai yake ji, kuma duk wanda ya leƙa, wani abin tsoron mutumin zai manne masa har gari ya waye. Duba yadda zaman zai kasance. 'Yan tawagar suna zargin mai gadin taska, shi kuwa mai gadin sanye yake da safar hannu ta fata, ba ya kuma gaisawa da baƙi. Dole mai iya baki a cikin tawagar ta san yadda za ta sa shi ya cire safar. Ko an taɓa shi, tunanin bashin da ake bin sa yake yi, sai wani ya ambaci taska a gabansa kafin hankalinsa ya koma can. An samu sirrin, amma jarumin ya kwaso tsoron duhu, ga shi hanyar taskar ta cikin rami take. Mutum uku sun yi aiki a wurin da da mutum ɗaya ke gamawa da jumla guda.

Sauran baiwar ba sai an zubar da su ba, a mai da su ƙanana a ƙarƙashin babbar. Tashi sama ya zama tsalle mai nisa, ko shawagin da ba ya ɗaukar kaya. Ɓacewa ta zama zuwa wurin da ya taɓa kwana kaɗai, kuma shi kaɗai, ban da abokan tafiya. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da amfani ƙwarai, don mai iya tserewa shi kaɗai kullum yana da zaɓi mai nauyi a gabansa.

Ka kuma biya shi duk lokacin da rauninsa ya cije shi. A Mutants & Masterminds, in matsalar da jarumi ya rubuta wa kansa ta taso, ana ba ɗan wasan makin jarumta da zai kashe daga baya. Fate Core na 2013 ma haka yake yi da nasa makin. Da zarar ɗan wasa ya gane rauni na kawo riba, shi da kansa zai riƙa tuna maka da shi.

In kuwa teburinku na son mai sihiri ya fi kowa ƙarfi, akwai wanda ya bi wannan hanya da gangan. Ars Magica na 1987 bai ɓoye cewa masu sihiri sun fi kowa ba, sai ya ba kowane ɗan wasa nasa mai sihirin da kuma wani jarumin na daban, ana karɓa-karɓa: yau naka ne a gaba, gobe kai ne mai riƙe masa garkuwa.

Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka gyara abin a ɓoye, kwatsam kowane mugu ya zama yana da hular da ke toshe karanta zuciya, kowane ɗaki an yi masa tsarin hana ɓacewa. Zai gane a zama na biyu, kuma zai ji an yi masa zagon ƙasa. Ku ware zama guda ba tare da jefa dayis ba, kowa ya ajiye takardar jaruminsa a tebur, har da sauran da ba su da laifi, don kada ya ga shi kaɗai aka sa a gaba. Kowa ya rubuta abu ɗaya da ya fi kowa iyawa, wanda ba za a ba wani ba, da abu ɗaya da ba ya iyawa sai da taimakon wani a cikin tawagar, ya kuma faɗi ko wane ne. In wasanku ba shi da dokar maki, ku ari ta Apocalypse World na 2010: dayis biyu masu fuska shida, 10 zuwa sama baiwa ta yi aiki sumul, 7 zuwa 9 ta yi aiki amma da farashi, 6 zuwa ƙasa ragama ta dawo hannunka. In ba a ƙara komai a kan dayis ba, 7 zuwa 9 na fitowa sau 15 cikin 36, don haka ka tanadi farashi uku ko huɗu na kowace baiwa a takardarka kafin ranar wasa.