Tambaya da Amsa: Ɗaure jijiyar jini a tiyatar ciwon dajin dubura

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An gano mahaifinmu, mai shekara 62, yana da ciwon daji a ƙarshen hanji kusa da dubura, bayan ya daɗe yana shan maganin basir. Likitan da zai yi masa tiyata ya ce kafin ya cire ciwon sai ya ɗaure jijiyar jinin wurin tun daga tushenta, amma wani ɗan'uwanmu ma'aikacin asibiti ya ce wasu likitocin daga ƙasa suke ɗaurewa. Wanne ne daidai? In kuma an ɗaure jijiyar, daga ina sauran hanjin zai samu jini? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Duka hanyoyin biyu likitocin tiyata suna bin su, kuma babu wadda za a ce kuskure ce.

Jinin da ke ciyar da ɓangaren hagu na babban hanji har zuwa dubura yana zuwa ne ta jijiya guda, wadda ke ɓullowa daga uwar jijiyar da ta sauko daga zuciya ta gaban ƙashin baya. Jim kaɗan bayan ɓullowarta sai ta fitar da reshe na farko wanda ke haurawa zuwa hanjin hagu, sauran kuma ya gangara ƙasa. Idan likita ya ɗaure ta kusa da tushe, kafin wannan reshen, shi ne ɗaurin sama. Idan ya bar reshen ya ɗaure a ƙarƙashinsa, shi ne ɗaurin ƙasa. Muhawarar tsohuwa ce, domin tun a 1908 likitoci biyu a Ingila suka bambanta a kanta: Ernest Miles yana ɗaurewa daga ƙasa, Berkeley Moynihan kuwa ya goyi bayan a ɗaure daga sama.

Hujjar masu ɗaurin sama ita ce ciwon daji yana yaɗuwa ta ƙananan kaluluwa da ke jere a gefen jijiyar, saboda haka ɗaurewa a tushe yana ba da damar kwashe su gaba ɗaya, ga shi kuma hanjin yana sakin jiki ya sauko cikin ƙugu a ɗinke shi da ragowar hanjin da ke ƙasa ba tare da an ja shi da ƙarfi ba. Masu ɗaurin ƙasa kuwa suna duba abu biyu. Na farko shi ne jini. Bayan ɗaurin sama, hanjin da ya rage yana dogara ne ga wata siririyar jijiya da ke bin gefensa tana kawo jini daga sama, kamar yadda mai noman rani yake karkato ruwa ta ƙaramar hanya idan an toshe babbar. A mafi yawan mutane wannan jijiyar tana wadatarwa, amma a wasu dattawa, musamman masu ciwon suga ko taurin jijiyoyi, takan gaza, kuma ɗinkin da bai samu jini sosai ba shi ne yake iya buɗewa, bayan gida ya zuba cikin ciki, abin da kowane likitan tiyata yake matuƙar gudu. Na biyu shi ne siraran jijiyoyin da ke kai saƙo ga mafitsara da gaban namiji suna kwance daf da tushen jijiyar jinin, shi ya sa ko mai ɗaurin sama yakan bar kimanin santimita 1 zuwa 2 daga tushen domin kada ya taɓa su. Wani bincike da aka yi a Italiya, aka wallafa a 2019, ya nuna waɗanda aka yi wa ɗaurin ƙasa sun fi samun sauƙi ta fuskar fitsari da mu'amalar aure, sai dai binciken da ake da shi bai nuna wani bambanci a fili ba wajen tsawon rai bayan tiyata.

A ganina, abin da ya fi matsayin ɗaurin muhimmanci shi ne a cire ƙarshen hanjin tare da kitsen da ya lulluɓe shi ba tare da ya fashe ba, tsarin da likita Bill Heald na Ingila ya bayyana a 1982, sannan a samu aƙalla kaluluwa 12 a duba a ɗakin gwaji. Likitoci da dama a yau suna haɗa amfanin hanyoyin biyu, wato su share kaluluwar da ke tushe amma su bar reshen hagu. Kafin ɗinki kuma likita yakan tabbatar da jini da idonsa: ya ga hanjin jajir, ya ga ƙaramar jijiyar gefe tana bugawa, ya ga bakin yankan yana tsatsar da jan jini. Ku tambayi likitan Baba dalilin zaɓinsa, da kuma ko za a yi masa jakar bayan gida ta wucin gadi a jikin ciki har ɗinkin ya warke. Ina roƙon sauran masu karatu kuma, duk mai ganin jini a bayan gida ya je a duba shi kafin ya yanke cewa basir ne.

Tambaya: Likita, da me ake ɗaure jijiyar, kuma ba ya kwancewa daga baya? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, idan an buɗe ciki ne, da zaren tiyata ake ɗaurewa, galibi sau biyu a ɓangaren da zai zauna a jiki. A tiyatar da ake yi ta ƙananan huji da kyamara kuwa, ana matse jijiyar da 'yan ƙananan maƙalai na roba ko na ƙarfen titaniyom, ko a liƙe ta da na'ura mai zafi. Cikin 'yan makonni bakin jijiyar yana toshewa ya warke da kansa, maƙalan kuma suna zama a jiki ba tare da cutarwa ba, kuma ba sai an sake buɗe ciki don cire su ba.