Amsa ga ƙanwata mai son karatun lafiya a Japan

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce kin gama digirin farko a fannin lafiyar al'umma, kina son zuwa Japan ki yi na biyu kan yadda rashin jin yare ke hana baƙi samun magani, kuma kina tambaya ko Turanci kaɗai zai fishe ki.

Idan takardar shaida kike nema, zai fishe ki. A Jami'ar Nagasaki, alal misali, akwai makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ake koyarwa da Turanci, kuma 'yan Afirka da dama sun yi karatu a can. Sai dai mai binciken ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a ɗakin gwaji yake wuni. Ke kuwa bakin mutane za ki bi: nas-nas, ma'aikatan ƙaramar hukuma, masu tafinta, marasa lafiya. Mafi yawansu ba za su iya yi miki hira mai zurfi da Turanci ba, kuma rubuce-rubucen da suka fi amfani a wannan fage da Japananci aka yi su.

Ga abin da ban so ki zo ba ki sani ba. A girgizar ƙasar Kobe ta 1995, wadda ta kashe mutum fiye da 6,000, baƙi da yawa ba su gane sanarwar hukuma ba, ba su san inda za su samu ruwa ko mafaka ba. Daga nan masana irin su Sato Kazuyuki na Jami'ar Hirosaki suka soma tsara Japananci mai sauƙi: gajerun jimloli, kalmomin yau da kullum, ban da salon girmamawa mai wuyar ganewa. Dalilinsu a fili yake. Baƙin Japan, waɗanda yanzu sun haura miliyan 3, galibi daga Sin, Biyetnam, Koriya, Filifin, Nepal da Brazil suke, kuma da yawansu sun fi jin Japananci mai sauƙi a kan Turanci. Yau ana koya wa likitoci da nas-nas wannan salo. To yaya za ki auna ko likita ya sauƙaƙa maganarsa idan ke kanki ba ki jin abin da ya faɗa?

Batun asali ma a nan yake shigowa. A 1990 aka gyara dokar shige da fice, jikokin Japanawan da suka yi ƙaura zuwa Brazil suka dawo aikin masana'antu a garuruwa kamar Hamamatsu da Oizumi. Fuska ta Japanawa, harshe na Fotugal. 'Ya'yansu suka tashi da Japanancin makaranta, sai ga yaro ɗan firamare shi ne tafintan mahaifiyarsa a gaban likita, har da maganar da ko babba zai ji nauyin faɗa. Kin san irin wannan a asibitocin gida, inda ake kiran mai shara ya fassara wa mara lafiya. A ganina wannan masaniyar ita ce jarinki, ki sa ta cikin tsarin bincikenki.

Kuɗi kuma, tallafin gwamnatin Japan na MEXT, wato ma'aikatar iliminsu, shi ne babbar hanya. Ofishin jakadancinsu da ke Abuja kan fitar da sanarwa wajen Afrilu ko Mayu. Suna biyan kuɗin makaranta da tikitin jirgi, da alawus ɗin wata kimanin yen 144,000 ga mai digiri na biyu. Ya isa mutum ɗaya, amma a Tokiyo haya za ta cinye kaso mai tsoka. Inshorar lafiya ta ƙasa dole ce, kina biyan kashi 30 cikin ɗari na kuɗin asibiti.

Za a iya ba ki wata shida na koyon harshe da kin iso. Kada ki dogara da shi. Haruffan kanji, wato haruffan Sinanci da Japanawa ke rubutu da su, waɗanda ake amfani da su yau da kullum 2,136 ne, wata shida sai dai ya kai ki kasuwa da tashar jirgin ƙasa. Ki fara tun yanzu, ki sa ran kai wa matakin N3, wato matsakaici, na JLPT, jarrabawar auna iya Japananci, kafin ki taso, sannan N2 da ke gaba da shi kafin ki fara hira da mutane. Aikin jinya ko likita kuwa sai an ci jarrabawar ƙasa da Japananci, digirin bincike ba ya buɗe wannan ƙofa.

Sannan ki nemi malami kafin ki nemi jami'a, don a nan ɗalibi a ƙarƙashin farfesa ɗaya yake rayuwa, shi ne wuƙa shi ne nama. Ki karanta maƙalunsa biyu ko uku, ki rubuta masa gajeren imel da ke nuna kin karanta. Idan kin tsara takardar bincikenki, shafi biyu sun isa, turo mini in duba kafin ki aika. Ki gaida Umma da kyau.