Tambaya da Amsa: Yadda waya ɗaya za ta kawo gidan tarihi cikin ajin firamare

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar aji huɗu ce a wata makarantar firamare a Katsina. Duk lokacin da na ce yara su siffanta wani abu a rubuce, ba sa wuce "yana da kyau, yana da girma". Na ji ana amfani da kayan gidajen tarihi wajen koyar da irin wannan rubutu, amma makarantarmu ba ta da kuɗin motar kai yara ko'ina. Abin da nake da shi wayar Android ce kawai. Za ta iya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri kan wannan ƙoƙari. Wayarki za ta iya, har ma akwai abin da take yi wanda ziyarar ba ta yi: a gidan tarihi kayan suna bayan gilashi, yaro na hange daga nesa, amma a waya za ki ja hoton da yatsu biyu har a ga zare ɗaya ɗaya na ɗinkin riga.

Fara da manhajar Google Arts & Culture. Kyauta ce, tun 2011 ake tara hotunan gidajen tarihi na duniya a cikinta, kuma tana buɗewa a burauza idan wayar ba ta da wurin ɗaukar sabuwar manhaja. Sai dai tana shan data, kuma sai da intanet take aiki, don haka ba ita za ki riƙe a gaban aji ba. Ki yi amfani da ita a gida wajen zaɓe. Wajen saukewa kuwa, gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya saki dubban ɗaruruwan hotunansa kyauta tun 2017, cibiyar Smithsonian ta Amurka ta bi sahu a 2020, kuma duk hoton da suka yi wa alamar CC0 ba sai kin nemi izinin kowa ba kafin ki sauke ko ki buga. Shafin Wikimedia Commons ma yana da hotunan kayanmu na gida da yawa. Da Turanci za ki rubuta abin da kike nema, domin da Turanci aka jera bayanan. Kalmomi kamar Hausa, Nok, Kano ko Ladi Kwali sun isa su buɗe miki ƙofa.

Ni dai shawarata ki fara da kayanmu. Babbar riga mai aska takwas, tukunyar Ladi Kwali (matar da ke bayan takardar naira ashirin, wadda ta yi suna da zanen ƙadangare da kunama da kifi a jikin tukwanenta), zanen bangon gidajen ƙasa, sirdin dokin hawan sallah. Yaro yana da kalmomin waɗannan a bakinsa, ya ji su wurin kakarsa, abin da ya rage shi ne a sa shi ya duba da kyau. Daga baya sai ki kawo kawunan yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tonowa a 1928 a wurin haƙar kuza a kudancin jihar Kaduna ta yau, kuma ana ajiye da dama a gidan tarihi na Jos. Idanunsu masu kusurwa uku da hujin ƙwayar ido da irin gyaran gashinsu kaɗai sun isa cika shafi.

Yanzu ga inda wayar ke yin aikinta na gaske. Kada ki nuna hoton gaba ɗaya da farko. Ki ja shi ya girma har sai ɗan lungu kaɗai ke bayyana, misali wutsiyar ƙadangaren da ke jikin tukunya. Ki zagaya benci benci, kowane rukuni ya duba na ɗan lokaci, ki ce kowa ya rubuta abu uku da idonsa ya gani, ba abin da yake zato ba. Layin miƙaƙƙe ne ko lanƙwasasshe? Launin ya fi kusa da jan ƙasa ko da ruwan goro? Da za ka shafa, santsi za ka ji ko kaushi? Sannan ki ɗan rage girman, su ƙara rubutu, har a kai ga cikakken hoto. Yaron da aka nuna wa tukunya sukutum zai ce "tukunya ce" ya ajiye biro, domin ya riga ya san sunanta. Wanda bai san me yake kallo ba dole ya nemo kalmomi. Ki kuma haramta "kyau" da "girma" na wannan darasin. Wanda ya rubuta su, ki tambaye shi: me ka gani da ya sa ka ce haka?

Gargaɗi ɗaya: gidajen tarihi na Turai cike suke da zanen mutane ba sutura. Kada ki yi bincike a gaban yara. Ki zaɓa, ki sauke, ki zuba a folda guda, sannan ki sa wayar a yanayin jirgin sama kafin ki shiga aji. Haka kuma babu kira ko saƙon da zai faɗo kan allon a tsakiyar darasi.

Tambaya: Yara sittin ne a ajina, allon waya ya yi musu kaɗan. Zan iya haɗa ta da talabijin ko majigi?

Amsa: Malam, kada ka yi saurin sayen igiyar HDMI ta haɗa waya da talabijin. Yawancin ƙananan wayoyin da ke hannun mutane ba sa fitar da hoto ta ramin caji, ko da ramin USB-C ne, sai ka saya ka ga ba ta yi komai. Hanya mafi sauƙi ita ce ka zuba hotunan a filas, ka soka a bayan talabijin, domin kusan duk na zamani suna karanta hoto daga nan. Idan akwai kwamfutar tafi-da-gidanka, ita ce ta fi dacewa da majigi. In kuma wuta ce matsalar, kamar yadda take a yawancin makarantunmu, ka je shagon buga takardu a fitar maka da hoto shida ko bakwai masu kala, a sa musu leda, kowane rukuni ya samu ɗaya. Za su yi maka shekaru. Takarda mai ɗan huji a tsakiya da aka ɗora kan hoton za ta yi aikin da yatsu ke yi a waya.

Tambaya: Wani abokina ya ɗauko mini hotuna a Gidan Makama, gidan tarihi na Kano, ya turo ta WhatsApp, amma da na ja su sai su dushe. Wayata ce ta lalace?

Amsa: Wayarka lafiya lau. WhatsApp ne ke matse hoto don ya rage nauyinsa. Ka ce ya sake turowa ta hanyar "Document" maimakon "Gallery", zai zo yadda aka ɗauke shi. Idan kuna kusa, Xender ko Quick Share ba sa taɓa ingancin hoto kuma ba sa cin data. In zai koma ɗauka, ya fara neman izinin ma'aikata, ya kashe fitilar kyamara, ya taka ya matsa kusa da abin maimakon jawo hoton da yatsa.

Tambaya: Na ga ChatGPT yana iya siffanta hoto idan aka ɗora masa. Me zai hana in karanta wa yara nasa su kwaikwaya?

Amsa: Ban goyi bayan haka ba, Malama. Da zarar yara sun ji rubutun da suka ɗauka shi ne daidai, sun daina kallon hoton, sai haddace jimloli. Ga shi kuma irin waɗannan manhajoji suna yin kuskure kan kayanmu, su kira abu da sunan da ba nasa ba, cikin Hausar da sau da yawa ba ta zauna ba. Idan kina son taimakonsu, ki nemi su ba ki jerin tambayoyin da za ki yi wa yara a kan hoton, ki tace da kanki. Bayanin abin kuwa, wato inda aka yi shi da zamaninsa da abin da aka yi shi da shi, ki ɗauko daga shafin gidan tarihin da ke ajiye da shi, ki karanta musu bayan sun miƙa nasu rubutun.